Yadda Ake Canza Filtar Gas da Fitar da Iska a Motar Dizal

Injin gas ba shi da raki. Hilux mai injin 5L, da Land Cruiser mai 1HZ, da Kanta da J5 ɗin da ke jigilar kaya tsakanin Katsina, Mashi, Daura da Mai'adua, duk suna iya yin shekaru ba a buɗe cikinsu ba, muddin man da ke isa famfo, wato na'urar da ke tura mai cikin inji, mai tsabta ne. Abin da ke kayar da su a nan wajenmu ruwa ne a cikin gas, da datti, da iska a layin mai, kuma duka ukun a filta ake tare su. Yawancin motocin da ake jawo mana gareji da igiya wai famfo ya lalace, famfon lafiyarsa lau. Filta ce ta toshe ko layi ya sha iska, aikin da mai mota zai iya yi da hannunsa cikin ƙasa da awa guda.

Kayan aiki

Sabuwar filtar gas, wadda lambarta ta yi daidai da ta motarka. Ka tafi shago da tsohuwar ko da lambar shasi, kada ka yarda da "ai duk ɗaya ne". Ka ɗaga ta ka ji nauyinta, ka leƙa cikin ramin tsakiya: takardar mai kyau nannaɗewarta a matse take, robar bakinta kuma tana da taushi. Ta jabu shafal take kamar babu komai a ciki. Araha ba ta ado, musamman a nan, domin kuɗin injekta ɗaya na sabuwar mota, wato bakin da ke fesa mai cikin inji, ya ninka kuɗin filta sau da yawa. Idan ba a samu a Katsina ba, a aika Ƙofar Ruwa a Kano.

Sifana lamba 10, 12, 14 da 17. Ita 17 ɗin mai buɗaɗɗen baki ake so.
Sarƙar kwance filta. In babu, tsohon fanbel ya wadatar: a naɗa shi a jikin filtar, a kama bakinsa da filaya a murɗa.
Babbar filaya da sukundireba.
Gorar ruwa ta roba mai haske, a yanke kanta, a shanya ta bushe sarai.
Siririn tiyo mai haske, kamar rabin mita.
Gas mai tsabta lita biyu, da mazurari.
Tsummoki waɗanda ba sa zubar da zare, da leda sabuwa.
Sabbin washa na jan ƙarfe, idan layin motarka da noti ake ɗaure shi.
Batir mai cikakken caji. Wannan na cikin kayan aiki, domin da mataccen batir ba a fitar da iska.

1. Ka san irin injinka, ka kuma tabbata matsalar ta mai ce

Injin gas ba shi da fulogi. Fistin ne ke matse iska har zafinta ya haura digiri 500, sannan injekta ta fesa mai ya kama da kansa. Famfo sai ya tura man da ƙarfi kafin bakin injekta ya buɗe. Idan iska ta shiga layi, famfo na turawa ita kuma tana matsewa, injekta ba za ta buɗe ba, sai ka yi ta kik mota ta ƙi tashi. Sannan gas ɗin nan shi ne man da ke shafe cikin famfo da injekta. Shi ya sa ruwa ko kalanzir a cikinsa ke cinye su.

Injinan gas iri biyu ne a hanyoyinmu. Akwai na da, masu famfon injekta wanda bututun ƙarfe ke fita daga jikinsa zuwa kowace injekta, kamar 5L, 1HZ da tsofaffin Kanta da Peugeot. Akwai kuma masu kwamfuta, waɗanda za ka ga an rubuta D-4D, HDi ko CRDi a jikinsu, irin su Hilux mai 2KD da 1KD, da 1GD da 2GD da suka fito daga 2015. Su waɗannan duk injektocinsu daga doguwar sandar ƙarfe ɗaya suke shan mai, kuma kowace tana da waya a kanta. Ka buɗe bonet ka duba tun yanzu, saboda akwai matakin da ke gaba wanda na da kaɗai ake yi wa.

Alamun filta ta toshe: mota tana silo lafiya amma ka hau titi ka taka totur sai ta riƙa shaƙewa, ta kasa jan kaya a hawa, wani lokaci ta mutu, ka jira minti kaɗan ta sake tashi. Alamun iska: ta kwana ta ƙi tashi da safe sai an daɗe ana kik, ko ta tashi ta yi ɗan lokaci ta mutu, ko kuma mai ya ƙare maka a hanya ka zuba amma shiru. Idan kik ɗin ma ba ya juyawa, ko yana juyawa da ƙyar, ajiye filta tukuna, ka duba batir da kawunansa.

2. Share wurin kafin ka kwance komai

A tsayar da mota a wuri mai daidai, a ja birkin hannu, a bar inji ya huce. A goge kan filta da bakunan tiyo da tsumma mai ɗan gas har sai babu ƙasa ko kaɗan. Mutane na raina wannan matakin, ni kuwa a wurina shi ne rabin aikin. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo ke rufe Katsina, ƙura na sauka a kan komai cikin mintuna. Kada ka buɗe layin mai a fili iska na kaɗawa. Shiga rumfa, ko ka juya mota ta ba iskar baya. Duk tiyon da ka cire, ɗaure bakinsa da leda nan take. Ƙwayar yashin da ta shiga bayan filta babu abin da zai tare ta, kai tsaye famfo za ta.

3. Zubar da ruwa, ka karanta abin da ya fito

A ƙasan filta akwai ɗan murfin roba mai fukafukai ko noti, nan ne mazubar ruwa. Sanya tiyo mai haske a bakinsa, ka tara gora. A Toyota ana murɗa shi hagu zagaye biyu zuwa biyu da rabi, kada a cire shi gaba ɗaya, sannan a riƙa danna famfon hannu da ke saman filtar har mai ya zubo. Tara kamar rabin kofi, ka ɗaure da hannu kawai. Roba ce, filaya na fasa ta.

Ajiye gorar a inuwa minti biyar, sannan ka ɗaga ta wajen haske. Ruwa ya fi gas nauyi, don haka zai kwanta a ƙasa, za ka ga layin da ya raba su a fili, wani lokaci ɗigo-ɗigo ne masu yawo a gindin gora in ka karkata ta. Gas mai kyau garau yake, kana hango yatsanka ta cikinsa. In ya yi dishi-dishi, ruwa ya gauraye da shi. In ka ga jan gari a ƙasa, tsatsar tanki ce ko ta durom ɗin wanda ya sayar maka. In ka ga baƙin abu mai yauƙi, ƙananan halittu ne da ke rayuwa tsakanin ruwa da mai, kuma tankin na bukatar a sauke shi a wanke, in ba haka ba sabuwar filtar ma sati kaɗan za ta yi. Shinshina shi kuma. Warin fetur ko na kalanzir ba ya ɓuya.

Idan fetur ne aka zuba maka bisa kuskure a gidan mai, kada ka tayar da motar, kada ma ka murɗa makulli. A tura ta gefe, a zuƙe tankin tas.

Ruwan nan ta hanya biyu yake zuwa. Ɗaya daga mai sayarwa, musamman gas ɗin jarka na 'yan bumburutu da wanda ya daɗe a durom. Ɗayar kuwa daga tankinka: in ka saba kwana da tanki kusan wayam, iskar da ke ciki na yin raɓa da sanyin dare, ta gangara cikin mai. Da damina abin ya fi yawa. In dole ce ta sa ka sayi na jarka a hanyar Jibiya ko wajen Kwangwalam, bar jarkar ta zauna ko na rabin awa, ka tace da tsumma mai tsabta, kuma kada ka juye na ƙasan.

4. Kwance tsohuwar filta

Zare wayar da ke ƙasan filta, wadda ke kunna fitilar gargaɗin ruwa a dashbod. Ka kama soket ɗin ka ja, kada ka ja wayar. Shimfiɗa tsumma a ƙasa don gas kada ya zuba a kan fanbel, wayoyi ko robobin inji, domin yana kumbura roba. Murɗa filtar hagu da sarƙa, in ta saki ka ƙarasa da hannu, ka sauke ta a tsaye.

Idan wurin ya matse, ya fi sauƙi ka cire tiyo biyu da notin da ke riƙe da kan filta, ka fito da ita gaba ɗaya ka yi aikin a kan benci. Amma ka yi wa tiyon alama, ko ka ɗauki hoto da waya. A kan filtar akwai kibiya mai nuna shiga da fita, kuma juya su kuskure ne da ake yawan yi.

Wasu motocin, kamar Hilux mai 2KD, gidan filtar ba a canza shi. Buɗe shi ake yi a zare takardar ciki, a wanke gidan da gas mai tsabta, a sa sabuwa.

Duba bakin da filtar ta zauna. Sau da yawa tsohuwar roba na maƙalewa a can. In ka ɗora sabuwa a kanta, roba biyu ba sa zama, iska za ta riƙa shiga.

5. Ɗaura sabuwa

Kwance na'urar gano ruwa daga gindin tsohuwar filta, ka wanke ta. Tana da ɗan abu mai yawo sama da ƙasa, motsa shi da yatsa ka tabbata bai maƙale ba. Sa mata sabuwar robar da ta zo a kwali, ka murɗa ta a gindin sabuwar filta a hankali, zaren roba ne ba ya son ƙarfi.

Shafa gas a robar bakin filta da yatsa. Murɗa da hannu har ka ji robar ta taɓa mazauninta, sannan ka ƙara kashi uku cikin huɗu na zagaye. Ya isa. Matsewa fiye da haka murƙushe robar yake yi, ya kuma wahalar da wanda zai kwance nan gaba.

Makanikai da dama na cika filta da gas kafin su ɗaura, don rage wahalar famfon hannu. A tsohon inji ana iya yi, in gas ɗin mai tsabta ne kuma ta ƙananan ramukan gefe aka zuba, ba ta ramin tsakiya ba, domin galibi na tsakiyar shi ne mafitar man da aka tace. A mota mai kwamfuta ni ban yarda da shi ba sam. Ɗaura ta a bushe, ka bar famfon hannu ya jawo man ta cikin takarda.

6. Fitar da iska daga filta

Tabbata akwai mai a tanki, akalla kwata. In kan filtarka na da ɗan notin fitar da iska, galibi lamba 10, sassauta shi zagaye ɗaya ko biyu. In babu, kamar a yawancin Toyota, zare tiyon fita ka sa naka mai haske zuwa gora. Riƙa danna famfon hannu, dannawa cikakkiya, kana bari ya dawo da kansa. Da farko iska ce zalla, sai kumfa, sai mai da 'yan ƙwayoyin iska, daga ƙarshe mai garau. Kada ka tsaya a kumfa. Da ya fito garau, ɗaure notin ko ka mayar da tiyo, ka ci gaba da dannawa har famfon ya yi tauri a ƙarƙashin tafin hannunka.

A Kanta da manyan motoci famfon hannun a jikin famfon injekta yake. Murɗa kansa hagu ya ɗago, ka yi aiki da shi, in ka gama ka danna ka murɗa shi ya koma ya kulle. Wanda ya manta bai kulle ba, ta nan iska za ta koma.

Famfon hannu da kansa yana gaya maka inda matsala take. In ka danna ya liƙe a ƙasa ya ƙi dawowa, hanya ta toshe tsakanin tanki da filta. Buɗe murfin tanki: in ka ji ya ja iska fuu, mashaƙar tankin ce ta toshe. In ba haka ba, rariyar da ke cikin tanki ce ta cika da datti. In kuwa ka yi ta dannawa ya ƙi yin tauri, ko dai robar cikinsa ta mutu, ko akwai inda layi ke shan iska.

In famfon hannun ya mutu kana kan hanya, a samo ƙwallon robar nan da ake matsawa, irin na Peugeot, a sa shi a tiyon shiga, kibiyarsa na kallon filta. Kada ka zuƙi gas da baki. In ya sarƙe ka ya shiga huhu, ciwo ne mai tsanani.

Motocin da ke da famfon lantarki a tanki ba su da na hannu. Murɗa makulli fitilu su kama ba tare da kik ba, jira daƙiƙa 30, kashe, ka maimaita sau biyar ko shida. Wasu daga cikinsu sai an jona musu kwamfuta kafin famfon ya yi aikin.

7. Sassauta bututun injekta, a tsohon inji kawai

In ka gama mataki na 6, yi kik. Sau da yawa za ta tashi. In ta ƙi, iska ta riga ta wuce cikin bututun ƙarfe. Da sifana 17, sassauta notin bututu a kan injekta biyu, rabin zagaye. Rufe su da tsumma. Wani ya taka totur ƙasa ya yi kik na daƙiƙa 10, ya huta rabin minti, ya sake. Za ka ga kumfa, sannan mai ya fara tsartuwa daidai da bugun inji. Ɗaure su, ka koma kan sauran. Kafin ka gama na ƙarshe ma injin zai fara neman tashi.

Kik ba ya jure dogon juyi. Ya wuce daƙiƙa 15 yana zafi, wayoyin cikinsa na iya ƙonewa, ka ƙara wa kanka wani aikin.

Don Allah, ɗan'uwa, kada ka yi wannan a mota mai kwamfuta, kuma kada ka bari yaron gareji ya yi maka. Ƙarfin man da ke cikin sandar nan yana kaiwa 1,600 zuwa 2,000 a ma'aunin matsi da ake kira bar, alhali iskar tayar ƙaramar mota ba ta wuce biyu da rabi. Tsartuwarsa na huda fata ta shige nama. Ko a tsohon inji, kada ka sa yatsa kana laluben inda ke yoyo inji na aiki, tara kwali. Wanda man ya huda, ko da ramin bai fi na allura ba kuma ba ya jin zafi, a kai shi asibiti a lokacin, a gaya wa likita gas ne ya shige shi da ƙarfi. Su motoci masu kwamfuta suna fitar da ragowar iskar da kansu in an cika filta yadda ya kamata.

8. Bayan ta tashi

Za ta yi rawa da farin hayaƙi na ɗan lokaci, kada ka damu, kuma kada ka yi ta zuga totur. Bar ta a silo minti biyar. Goge ko'ina ya bushe, ka bi da fitila ka duba gindin filta, notin iska da bakunan tiyo. Mayar da wayar gargaɗin ruwa. Fita da ita titi ka taka ta sosai, ka dawo ka sake dubawa. Gwajin gaskiya sai washegari da safe: in ta tashi bugu ɗaya, aiki ya yi.

In ta kwana ta sake ƙin tashi, akwai inda iska ke shiga, kuma irin wannan wurin ba ya ɗigar da mai, saboda layin zuƙa yake yi. Sa tiyo mai haske tsakanin filta da famfo, ka tayar ka kalla. Jerin ƙwayoyin iska na nuna ɓarakar tana baya, wajen filta ko tanki. Don ka raba gardama, sa tiyon shiga cikin galan mai gas mai tsabta. In iskar ta ɓace, layin tanki ne. In tana nan, kan filta ne ko robarta. Tiyon da ya bushe ya tsattsage saboda zafin Afrilu, da washa da aka sake amfani da shi, da siraran tiyon da ke mayar da mai daga injekta, su ne wuraren da na fi samu.

9. In har yanzu ta ƙi, dubi salansa

Sa wani ya yi kik, kai ka tsaya a baya. Babu hayaƙi ko kaɗan: mai ba ya isa. A tsohon inji duba 'yar na'ura mai waya ɗaya da ke bayan famfo, wadda ke buɗe wa mai hanya. In an murɗa makulli ya kamata ka ji ta yi ƙas. In shiru, duba fis da wayarta.

Farin hayaƙi mai warin gas: mai na isa amma zafi bai kai ya kama ba. Da hunturu hita, wato ɗan ƙarfen da ke ɗumama cikin inji kafin a tayar, ita ce kan gaba wajen zargi. Jira fitilarta ta mutu a dashbod kafin kik, in da sanyi sosai yi sau biyu. Don gwada su, cire ƙarfen da ya haɗa kawunansu, ka maƙala fitilar gwaji a kan batir mai alamar tarawa, ka taɓa kan kowace hita. Wadda fitila ta kama tana da rai, wadda ba ta kama ba ta ƙone. Batir kuma, cikakke yana nuna bolt 12.6 in mota na kashe. Zuba fetur ko fesa maganin tayarwa a bakin iska al'ada ce da ke fasa zoben fistin, kuma in hita na da zafi yana iya tashi da wuta a fuskar mutum. Bar shi.

Baƙin hayaƙi bayan ta tashi: iska ta yi kaɗan. Cire filtar iska, ka bubbuga ta a hankali a tafin hannu, in za ka hura to daga ciki zuwa waje. Haska fitila ta cikinta, in haske ba ya ratsawa ko ka ga huda, canza ta. Mai bin hanyoyin ƙauye ta Sandamu, Zango da Baure da rani ya duba ta kowane mako. Shuɗin hayaƙi kuwa baƙin mai ne ke ƙonewa, wannan ba aikin filta ba ne.

Da irin gas ɗin da muke samu, ni ina canza filtar gas duk bayan juyen baƙin mai biyu, wato wajen kilomita 10,000 ga mai yin juye a 5,000, ina kuma zubar da ruwa a kowane juye, da damina kuma duk sati. Fitilar ruwa in ta kama kana tafiya, tsaya ka zubar a wurin, kada ka ce sai ka isa Daura.

Kafin ka jefar da tsohuwar filta, juye man cikinta a gora ka duba a rana. In ka ga ɓurɓushin ƙarfe yana ƙyalli, famfo ne ya fara cin kansa. Kada ka sake tayar da motar, domin garin zai bi layi ya lalata injektoci. A jawo ta zuwa wurin masu gyaran famfo da ke da injin gwaji, a wanke tanki da layin gaba ɗaya kafin a ɗaura wani.